Muryar Khalilu a Gaban Depitoci

Sallama gare ku, ku da kuka saba zama da ni a nan, da ke da kika faɗo yau ba ki san wace ce Gaji ba. Ni ce Gaji, autar Malam Ado mai tattasai, 'yar bakin kogin Komadugu da ruwa ya koro zuwa cikin garin Diffa. Ku gyara zama, don abin da na aikata ranar Talatar nan, har yanzu in na tuna sai in yi mamakin kaina. Kuma kafin wata ta ce "ni da ni ce," don Allah ta bari ta ji ƙarshe.

Ran nan kwana arba'in da uku ke nan Khalilu bai ce mini uffan ba. Kada ku tambaye ni yadda na san adadin, duk wadda ta taɓa so ta san ba a buƙatar kalanda. Saƙonnina suna jere a wasap ɗinsa, kowanne da 'yan layukansa biyu masu ruwan toka, sun shiga amma ba a buɗe ba. Ina wanke-wanke salula tana kan bakin randa. Ina tankaɗe tana cikin ƙugun zanena. In ta yi ƙara sai zuciyata ta riga hannuna zuwa, in duba in ga kamfanin waya ne yake tallar garaɓasa.

Bari in koma baya kaɗan saboda baƙinmu.

Khalilu ma'aikacin awo ne a kamfanin kawunsa, Alhaji Labaran, wanda aka ba kwangilar madatsar ƙasa da za ta tare ƙauyenmu da gonakinmu daga ambaliyar Komadugu. Digi muke ce mata. Ranar da na fara ganinsa na kai wa Baba abinci gona, yana tsaye bayan ƙarfen awonsa mai ƙafa uku, ya rufe ido ɗaya, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya ce, "'Yan mata, ki ɗan matsa, kin shiga cikin awona." Na ce, "Gonar ubana ce, awonka ne ya shigo cikina." Ya ɗago ya buɗe ɗayan idon. Shi ke nan, daga nan ban ƙara samun lafiya ba.

Yana da wata ɗabi'a. Kullum da safe sai ya shimfiɗa riguna biyu a kan katifarsa, ya ɗauki hoto, ya aiko mini da kalma ɗaya: "Wacce?" Ni kuma in ba shi amsa da kalma ɗaya: fara, ko shuɗiya, ko mai zane. Namiji ƙato da gemunsa, wai ba zai iya zaɓen riga ba sai Gaji ta yi magana. Da rana kuma hotunan wurin aiki ne: ga shi kusa da tifa, ga shi a kan digi yana dariya, ga hannunsa cike da ƙasa. Ban taɓa goge ko ɗaya ba.

Mahaifinsa ya rasu tun yana goye, Alhaji Labaran ne ya raine shi, ya sa shi lakwal, wato makarantar boko, ya ba shi aiki. Shi ne kuma ya zo gidanmu da kansa, da huhun goro da alawa, ya nema masa aurena. Aka tsayar da magana sai an cire tattasai. Iya ta fara haɗa turaren wuta a kwalabe, ta jiƙa humra ta ɓoye ƙarƙashin gado, ta sayi lafaya ruwan zuma mai ɗigon zinariya a baki, kullum sai ta ɗora ta a kan kasko ta sha hayaƙi.

Sai ruwa ya zo. Digin da aka yi bikin buɗewa da kalangu ba ta cika wata biyar ba ta fashe, daidai kan gonar Baba, lokacin da tattasai ya fara ja. Da rana tsaka muna kallo kogi ya shiga ya kwanta a kan wahalar shekara guda. Muka kwaso abin da ya kwasu muka dawo Diffa, gidan Ya Fanna, yayar Baba, mu uku a ɗaki ɗaya da buhunan kayanmu. Biki ya koma "sai abin da Allah ya yi." Duk da haka Khalilu bai fasa zuwa ba, bai fasa aiko riguna ba, har ranar da rediyo ta ce majalisar dokoki ta kafa kwamitin bincike a kan madatsun bakin Komadugu. A makon nan kawunsa ya tura shi wani aiki can wajen Tawa. Daga ranar shiru ya fara.

Da labarin kwamiti ya iso gidanmu, Baba ya kira Hasna, 'yar Ya Fanna da take koyarwa a lakwal, ya zaunar da ita gabansa.

"Ke mai boko, wannan abin kotu ce?"

"Ba kotu ba ce, Kawu."

"To kamfe ne? Zaɓe ya zo?"

Hasna ta yi dariya. "Depitoci ne, 'yan majalisa, na ɓangaren gwamnati da na adawa, a haɗe. Gwamnati ce ta ba da aikin, su kuma aikinsu su bi sawu su ga an yi ko ba a yi ba. Za su duba da idonsu, su saurari mutane, su rubuta rahoto, a karanta a zauren majalisa a Yamai. Sannan a kira minista ya tsaya ya amsa."

"Minista da kansa? Ya tsaya?"

"Da ƙafarsa."

Baba ya jinjina kai. Na ga wani haske a idonsa da rabon in gani tun ran da ruwa ya ci gonarsa.

Yanzu ku ji inda mutanenmu suka yi abin da su kaɗai za su iya. Kun san mu, ba ma tarbar baƙo da yagaggiyar tabarma. Ko gidan da aka kwana da yunwa, in baƙo ya yi sallama sai an kama kazar maƙwabta. Da bulama, mai garin ƙauyenmu, ya ji manyan baƙi za su taso tun daga Yamai su taka ƙasarsa, sai ya tara dattawa ya ce abin kunya ne su zo su tarar da bakin gari a wage kamar gidan da ba maza. Aka kira gayya. Ana cikin shawarar inda za a samo ƙasa, sai ga tifa uku na jar ƙasa mai kyau, wai Alhaji Labaran ne ya aiko fisabilillahi. Har addu'a aka yi masa a masallaci.

Kwana shida Baba yana can. Suka cike wurin da ya fashe, suka daddaɓe, suka bi sauran jikin digin suka lulluɓe duk inda ya zaizaye, mata suka share, aka dasa 'yan itatuwa. Ya dawo hannunsa duk kanta ta fashe, yana murmushi, yana cewa ko a Yamai ba su da digi mai kyan tamu.

Ranar Litinin depitoci suka je. Aka yi guɗa, aka kawo madara mai sanyi da bandar kifi, aka shimfiɗa darduma sabuwa. Suka hau digi suka yi tafiya daga wannan kai zuwa wancan. Sai ɗaya daga cikinsu ya tsaya ya ce, "Ina wurin da aka ce ya fashe?" Bulama ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, kana tsaye a kansa. Saboda ku muka gyara."

Da Baba ya dawo da la'asar yana ba mu labari, Hasna ta dafe kai da hannu biyu.

"Kawu! Abin da suka zo gani shi kuka binne!"

"Kamar yaya?"

"Ramin nan shi ne shaidarku. Yashin da ke ciki shi ne bakinku. Kun ɗauki jar ƙasar mutumin kun rufe masa asiri da hannunku, har kun yi masa addu'a."

Baba ya juya hannunsa. Ya dubi tafin hannunsa da ya faffashe, ya daɗe yana kallo. Wallahi da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. A hankali ya ce, "Gobe an ce in je in yi bayani. Sai in faɗi abin da na gani. In bakin manomi bai isa ba, shi ke nan."

Ni kuwa ina bakin murhu, na san abin da ke cikin salulata. Ba hotuna kaɗai ba. Akwai wata murya da Khalilu ya aiko mini tun ana aikin digin, kafin ruwa ya zo, wadda na saurara ya fi sau ɗari, ba don abin da ya faɗa a tsakiya ba, don abin da ya faɗa a farko da ƙarshe.

Na ja Hasna bayan ɗaki na sa mata a kunne. Ba ta gama ji ba sai ga Ya Fanna a kanmu, da buta a hannu. Ya Fanna irin matan nan ne da ko bango ya yi raɗa sai sun ji.

"Me kuke ji? Muryar wa ke nan?"

Na ɓoye salular a bayana. Ta ajiye butar.

"Gaji, ki dube ni. Ni na yi wa uwarki wankan jegonki, don haka ki buɗe kunne. Alhaji Labaran surukinku ne. Goronsa yana cikinmu, mun ci mun raba wa dangi. Depitocin nan jibi za su hau motocinsu masu sanyi su koma Yamai, ke kuma nan za su bar ki. Wa zai auri yarinyar da ta kai dangin mijinta gaban hukuma tun ba a ɗaura ba?"

"Inna, gonar Kawu fa?" in ji Hasna.

"Ke rufe mini baki, boko ya cinye miki kunya. Gona ana sake shukawa. Aure in ya fashe, wace gayya ce za ta cike shi?"

Ta wuce tana sababi. Na shiga ɗaki na tarar da Iya zaune bakin gado, lafayar bikina a cinyarta, tana ninkewa tana warwarewa. Na san ta ji komai. Iya ba mai yawan magana ba ce, Hausarta ma da nauyin Barebari take fita.

"Iya, me zan yi?"

Ba ta dube ni ba. "Ni ban ce ki yi ba, ban ce ki bari ba. Yaron nan ina sonsa har raina." Ta shafa bakin lafayar. "Amma saura wata uku ruwa ya dawo. Kuma babanki ya riga ya zuba irin tattasai."

Kafin magariba na rubuta masa. Na goge, na sake, na goge. Abin da na tura a ƙarshe shi ne: "Khalilu, gobe Baba zai tsaya gaban kwamiti. Hotunanka da muryarka suna wurina. Ka ce mini wani abu, ko da 'kada ki yi' ne. In ka ce kada in yi, wallahi ba zan yi ba." Na rantse muku da gaske nake. Da ya turo ko da ɗigo ɗaya ne, da na zauna gida na ci gaba da jiransa har gashina ya yi fari. Ina kewarsa ta yadda ko fushinsa nake marmari.

Gari ya waye, layukan nan biyu suna nan da ruwan tokarsu.

Na ce zan raka Baba don in riƙe masa takardunsa. Ya Fanna ta bi ni da wani kallo tun daga gyale har takalmi. Na sa atamfata koriya mai ganyen kuka, na yafa tsohuwar lafayar Iya baƙa, na zira kwalli kaɗan don kada a ga idona ya kumbura. Salula na tura cikin jaka, can ƙasa, ƙarƙashin carbi da hankici, kamar in na ɓoye ta sosai za ta manta da kanta.

Zauren taron yana da fankoki huɗu, uku ne suke juyawa. Depitoci bakwai a bayan dogon tebur mai koren ƙyalle, kowa da robar ruwa da tulin takardu. A tsakiya shugabansu, dattijo mai furfura da tabarau a kan hanci. A hannun damansa mace ɗaya tilo, na ji ana ce mata Hajiya Firdausi, ba ta cika magana ba sai rubutu. Gefe guda sakatare da na'urar ɗaukar murya. Na zauna a layin baya.

Aka kira Baba. Ya tashi cikin farar rigarsa ta Juma'a, ya rantse zai faɗi gaskiya, ya faɗe ta tiryan-tiryan: ranar da ruwa ya zo, yadda digi ta buɗe, yadda ya ga farin yashi yana zubowa daga cikinta kamar an farke buhun gero.

Wani depite mai ƙiba ya jawo makirfo. "Malam Ado, jiya mun taka wurin da ƙafarmu. Jar ƙasa muka gani, daddaɓaɓɓiya."

"Mu muka zuba ta, ranka ya daɗe."

"Ku? Ku da kuke ƙara, ku kuka gyara?"

"Baƙi za mu yi."

Zauren ya ɗauki dariya. Ba ta mugunta ba ce, amma dariya ce. Baba ya cire hularsa, ya shafa kansa, ya mayar. Shekarata ashirin da biyu ban taɓa ganin ubana ya cire hula a gaban mutane ba.

Shugaban ya buga tebur aka yi tsit. Ya yi magana da taushi. "Malam Ado, ba mu ƙaryata ka ba. Amma mu ba alƙalai ba ne, ba ma ɗaure kowa, ba ma sakin kowa. Ƙarfinmu ɗaya ne, abin da muka rubuta. In mun rubuta an yi ha'inci, dole gwamnati ta amsa a gaban majalisa, dole a sake aikin. In mun rubuta abin da ba mu iya tabbatarwa, ranar karatu za a yaga rahoton a fuskarmu, ku kuma ku zauna da diginku yadda take."

Wani siriri daga ƙarshen tebur ya ce, "A haƙa mana a gani."

Mai ƙiban ya ce, "A haƙa madatsa damina na bakin ƙofa, a kan maganar mutum ɗaya? In ruwa ya shiga ta ramin da muka haƙa, wa zai ɗauka?"

Suka ɗan yi ka-ce-na-ce da Faransanci. Sannan shugaban ya dubi zauren ta saman tabarau. "Akwai wanda yake da wani abu a hannu? Takarda, hoto, ko wanda ya yi aikin da kansa?"

Fanka tana juyawa. Baba yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili, hannayensa a baya, ina hango kantar da ta fashe. Na zaro salula na duba sau ɗaya na ƙarshe. Ruwan toka.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ni ina da shi."

Duk kawuna suka juyo. Baba ya juyo. Hajiya Firdausi ta ajiye alƙalaminta ta ce, "Taho, 'yata. Wace ce ke?"

"'Yarsa ce."

Aka rantsar da ni. Na buɗe hotunan, salula tana yawo daga hannu zuwa hannu. Ga tifa tana juye farin yashin kogi a tsakiyar digi, da kwanan wata a jiki. Ga lebura suna shafa jar ƙasa a sama, kaurinta bai kai tafin hannu ba. Ga wani hannu ya kwarfo yashi daga cikin digin yana nuna wa kyamara, da agogon da ni na zaɓa masa a kasuwa.

Mai ƙiban ya ce, "Hoto ana iya ɗauka ko'ina."

Na ce, "Akwai murya."

'Yan uwa, a nan ne na so ƙasa ta tsage. Na roƙi a sa daga tsakiya, sakataren ya ce shaida ba a gutsure ta. Ya kara salulata a bakin makirfo ya danna. Muryar da na yi kwana arba'in da uku ina mafarkin ji ta cika zauren, daga kowace kusurwa, a gaban depitoci bakwai da ubana.

"Gajina. Gajin Iya, mai hana ni cin abinci. Kin tashi lafiya? Yau farar na sa, kamar yadda kika ce." Wani ya yi tari. Baba ya kafa idonsa a kan siminti. "Gaji, raina a ɓace yake. Aikin nan ba zai tare ruwa ba. Yashi muke zubawa a ciki, jar ƙasar ta sama ce kawai. Na gaya wa Kawu sau biyu, ya ce ni awo aka ɗauke ni, ba wa'azi ba. Kuma daidai gonar Baba ne ya fi rauni. Ban san yadda zan dubi idonsa ba. Ki yi mini addu'a. Ina sonki fiye da yadda bakina yake iya faɗa."

Ta ƙare. Babu wanda ya yi dariya wannan karon. Ni dai hawaye ne suke zuba, kuma kunya ce ta fi ƙanƙanta a cikinsu. Na ji shi ne kawai. Na ji shi kamar yana bayan ƙarfen awonsa, in na miƙa hannu zan taɓa shi.

Shugaban ya cire tabarau. "Wannan ya isa mu nemi masana su buɗe digin kafin ruwa. Amma mai maganar nan dole ya zo ya tabbatar da bakinsa. Yarinya, mene ne sunansa?"

Ku da kuka tashi a gidaje irin namu kun san abin da aka tambaye ni. Tun ran da aka kawo goro ban taɓa furta sunan nan a inda Baba yake ba. A gida "wancan" ne, ko "mutumin Iya." Ko Hasna ta ambace shi gaban Baba, tashi nake in bar wurin. Na dubi Hajiya Firdausi, na ce a hankali, "In rubuta a takarda?"

Ta girgiza kai, da tausayi a fuskarta. "Na'ura ce take ɗauka, 'yata. Sai da baki."

Na dubi Baba. Bai ɗago ba, amma ya ɗaga hannunsa kaɗan, irin yadda yake yi in ya ba ni izinin wucewa ta gabansa yana lazimi.

"Khalilu," na ce. Makirfo ya ɗauka ya watsa shi ko'ina. Na faɗi sunan mahaifinsa, na faɗi inda yake aiki, na karanto lambarsa da ka ba tare da na duba ba. Sakataren ya rubuta. Shugaban ya ce a aika masa takardar kira, ya bayyana ranar Alhamis ta sama.

Kun ji. Kwana arba'in da uku ina roƙon Allah a kowace sujada ya dawo mini da shi Diffa. Ga shi zai dawo, da takardar da bakina ya rubuta.

A hanya Baba yana gaba ina baya. Mun wuce masu buhunan tattasai, ƙamshinsa ya sa ya rage sauri, sannan ya ci gaba. Sai da muka kai ƙofar gida ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Tun kafin ruwa ya sani."

"Ya sani, Baba."

"Bai gaya mini ba." Ya dafa ƙofar. "Amma bai iya barci da shi ba. Wannan ma wani abu ne." Ya shige.

Labari ya riga mu isa, kun san Diffa. Ya Fanna tana tsakar gida ta ɗaure ɗankwali a ƙugu. "Sannu, lauya! Sannu, 'yar majalisa! An ce har 'Gajina' aka sa wa duniya ta ji. To ki jiƙa rahoton ki sha, shi zai aure ki." Na wuce ta. Iya ta miƙo mini kwanon abinci, ta matse yatsuna a ƙarƙashinsa kafin ta saki.

Ranar Laraba da hantsi ina shanya kaya, salula tana kan bakin randa inda ta saba. Na daina dubawa, ko in ce ina ƙoƙarin dainawa. Na zo ɗaukar wani zane sai idona ya faɗa kanta. Layukan sun yi shuɗi. Duka, tun daga na farko har na ƙarshe. A sama an rubuta yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya tsaya. Zanen ya faɗi cikin ƙasa ban ɗauka ba. Na shige ɗaki na zauna bakin gado, ina jiran zagi, ina jiran "Allah ya isa," ina jiran duk abin da ya ga dama in dai daga gare shi ne.

Hoto ne ya fara shigowa. Wata katifa da ban sani ba, a wani ɗaki da ban sani ba. Riguna biyu a shimfiɗe, fara da shuɗiya. A ƙasa: "Wacce?"

Kafin in numfasa na biyu ya biyo.

"Kunya ce ta hana ni buɗe saƙonki, ba rashin so ba. Kawu ya ce ranar da na taka zauren nan, in nemi wani uban da zai karɓa mini aurenki, shi ya fita. Na riga na yanki tikitin motar Diffa."

Na karanta sau uku. Na ba shi amsa da kalma ɗaya, kamar kullum: "Fara." Sannan na jawo lafayar nan ruwan zuma da Iya ta yi wata da watanni tana turarawa don bikin da yanzu ango ba shi da waliyyi, na kifa fuskata a cikinta, na yi kukan da na yi kwana arba'in da huɗu ina haɗiyewa.